Dokta Barau Dikko: Likitan Farko Da Arewa Ta Haifa

Da wuya a sami ɗan Dakata da aikin gwamnati ko fatauci ya zaunar da shi a Kaduna wanda bai taɓa jin sunan Asibitin Barau Dikko ba. Wasu sun kai iyalinsu haihuwa can, wasu sun je dubiya, wasu kuwa wucewa kawai suke yi ta bakin ƙofarsa. Amma da za a tsayar da goma daga cikinsu a tambaye su ko wane ne mai wannan suna, muna kyautata zaton tara za su ce wani tsohon gwamna ne ko wani basarake. Mun gwada wannan tambaya a kan wasu 'ya'yanmu da suka zo hutun sallah, cikinsu har da mai karatun aikin jinya, ba a sami wanda ya ci ba. Dalilin da ya sa ke nan muka ga ya dace shafin tarihi na mujallarmu ta bana ya tsaya a kan wannan bawan Allah, ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita, wanda ya shafe shekaru 27 yana aikin lafiya a zamanin da mafi yawan masu ciwo ba su san hanyar asibiti ba.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan Dakata da Bazazzagi? Gaskiya ne ba ɗan unguwarmu ba ne, ba ma Bakano ba ne. Sai dai cututtukan da aka ɗora masa nauyin yaƙarsu su ne waɗanda suka yi ta ɗibar kakanninmu, kuma wasu daga cikinsu har yau suna kwana a gidajen hayar da ke kewaye da Bompai.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Russell Aliyu Barau Dikko a Zariya a shekarar 1912, wato shekara guda bayan layin dogo ya iso Kano, shekaru 9 bayan Turawa sun ci birnin. Ya tashi a cikin 'yan tsirarun iyalan Hausawa da Fulani na ƙasar Zazzau da suka bi addinin Kirista ta hannun 'yan mishan na ƙungiyar CMS. Jagoran waɗannan 'yan mishan shi ne Dokta Walter Miller, Baturen Ingila, wanda shi ma likita ne. Miller yana cikin ayarin da ya iso Kano a 1900 aka ƙi ba su masauki, Sarkin Kano Alu ya sallame su. Daga baya ya sami wurin zama a birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da wurin ba da magani, kafin a ƙarshen shekarun 1920 a mayar da mishan ɗin Wusasa, a bayan gari. A wannan makaranta ta Miller ne Barau ya fara karatun boko.

Daga nan aka tura shi Kwalejin King's da ke Legas, wadda aka kafa a 1909, kuma a lokacin babu makarantar gwamnati da ta kai ta a duk faɗin ƙasar nan. Da ya kammala sai ya haye teku zuwa Ingila, ya shiga Jami'ar Birmingham ya karanta aikin likita. A 1940 ya kama aiki da gwamnati a matsayin ƙaramin likita.

Ya kamata mu ɗan tsaya a nan, domin matasanmu na yau ba za su gane nauyin wannan al'amari ba sai an auna musu shi. Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, an kafa ta ne domin horar da malaman makaranta, kuma yawancin ɗalibanta aji suka nufa ko ofisoshin En'e. Babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya sai a 1948 da aka buɗe ta Ibadan. Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962, kuma ba ta fara koyar da aikin likita ba sai a 1967. Ke nan tsakanin ranar da Barau Dikko ya fara duba marasa lafiya da ranar da Arewa ta fara koyar da likitocinta a jami'arta ta gida, an yi fiye da rubu'in ƙarni. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai muna yawan alfahari da cewa malaman makaranta ne suka gina Arewa, kuma ba mu janye wannan magana ba, amma dole mu yarda cewa yankin da ƙidayar 1952 ta ba shi mutane kusan miliyan 17 ya daɗe yana ƙirga likitocinsa na gida da yatsun hannu.

Har ila yau, aikin da ya shiga ba na kowa da kowa ba ne. Tun daga 1902 Turawan mulki suka keɓe babban rukunin likitocin Afirka ta Yamma ga farar fata kawai, baƙin mutum kuwa, ko da a jami'a ɗaya suka yi karatu, sai a ajiye shi a wani rukuni na ƙasa, albashinsa daban, ƙarin girmansa daban. Sannu a hankali aka riƙa sassauta wannan tsari. Barau Dikko bai kai matsayin babban likita ba sai a 1953, bayan shekaru 13 yana aiki.

Ƙasar da ya tarar

Asibitocin wancan zamani a manyan garuruwa suke. A Kano akwai Asibitin Birni na En'e, wanda a yau ake kira Asibitin Murtala, akwai kuma makarantar horar da duba-gari da aka buɗe a farkon shekarun 1930. A gundumomi sai ɗakunan shan magani jefi-jefi, inda malamin asibiti guda yake wanke gyambo ya ba da maganin tsutsar ciki. Wanda ciwo ya kama a ƙauye, wanzami da mai saiwa su ne gatansa.

Cututtukan kuwa ba su da iyaka. Bari mu ɗauki uku da suka fi shafar aikin Dokta Dikko da abokan aikinsa.

Na farko ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa a bakin rafuka masu duhuwa. A shekarun 1930 wannan ciwo ya zama annoba a lardunan Arewa, musamman ƙasar Zazzau da wasu sassa na kudancin Kano da Katsina. Mutum zai fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, ya riƙa ramewa, hankalinsa ya riƙa gushewa, har ya kai ga gyangyaɗi da tuwo a hannu. Gwamnati ta kafa sashe na musamman dominsa, kuma dabarar da wannan sashe ya bi ita ce ta zama tushen duk abin da ya biyo baya. Ba a jira mara lafiya ya zo ba. Ayarin ma'aikata ne ke sauka a gari, dagaci ya tara jama'a kaf, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana lalube wuyansu, wanda aka ji kaluluwa a tsotsi ruwanta da allura a duba a madubin likita nan take a gindin bishiya, idan an ga ƙwayar cutar a fara masa jerin allurai. A cikin shekaru goma an duba miliyoyin mutane ta wannan hanya. A Anchau ta ƙasar Zazzau ma abin ya wuce magani: an sassare kurmin bakin rafuka a wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70, an haƙa rijiyoyi, an tashi ƙauyuka an sake musu matsuguni, aka gina sabon gari aka raɗa masa suna Takalafiya. Ba kowa ne ya tashi da son ransa ba, kuma ba za mu ce hukumar ba ta yi amfani da ƙarfi ba, amma ciwon ya ja baya ƙwarai.

Na biyu kuturta. Duk mai son ya san yadda wannan ciwo ya zauna da mu, ya ƙirga karin maganar Hausa da ke ambaton kuturu, tun daga wanda ya ci ladansa dole ya yi masa aski har zuwa zoben da ba a ɗaukarsa da gangan a hannunsa. Harshe ba ya tara karin magana a kan abin da ba a gani kullum. A shekarun 1930 hukumomin En'e suka haɗa hannu da 'yan mishan na SIM wajen tafiyar da sansanonin kutare guda uku: Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a nan Kano, wanda muka fi sani da Asibitin Bela, kuma tsakaninsa da Dakata ba wata tafiya ba ce. Sunan Yadakunya kansa ya isa bayani a kan halin da mai wannan ciwo yake ciki. Maganin da ake da shi a lokacin wani mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiyar ƙasar Indiya, a yi ta tsira wa mutum shi a fata shekara da shekaru, ga zafi ga ƙarancin amfani. Kuma sansani komai girmansa mutum nawa zai ɗauka? Mafi yawan kutare suna garuruwansu ko suna bara a bakin kasuwa.

Na uku sanƙarau, wanda ba sai mun yi wa Bakano dogon bayani a kansa ba. Yana zuwa ne daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara, lokacin da iska ta bushe maƙogwaro ya tsattsage, ya fi kuma ɓarna inda mutane ke cunkushe a ɗaki mara taga, sa'annan ya ɗauke da saukar ruwan sama kamar an yi masa tsawa. A annobar 1949 zuwa 1950 an ƙirga mutane fiye da 90,000 da suka kamu a lardunan Arewa, sama da 14,000 suka riga mu gidan gaskiya, ban da waɗanda aka binne a ƙauyuka ba tare da labari ya kai ga hukuma ba. A lokacin Dokta Dikko yana shekararsa ta goma a bakin aiki. Ga kuma agana da ƙyanda da tsargiya da kurkunu da zazzaɓin cizon sauro, kowanne da lokacinsa.

Ɗan zaman da ya yi a siyasa

A daidai wannan lokaci ne sunansa ya shiga tarihin siyasa, kuma yawancin littattafan makaranta ta nan kawai suka san shi. A 1948 'yan bokon Arewa suka fara taruwa a Zariya da Kaduna suna neman inuwa guda da za su tattauna makomar yankinsu. Daga waɗannan tarurruka aka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a watan Yunin 1949, aka zaɓi Dokta Dikko shugabanta. Cikin waɗanda suka yi ruwa suka yi tsaki a farkon tafiyar akwai Malam Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Malam Yahaya Gusau, da Malam Aminu Kano, da Malam Sa'adu Zungur. Abokan gabar da ƙungiyar ta ambata guda uku ne, jahilci da lalaci da zalunci.

Abin lura a nan shi ne, taron da kusan dukkansa Musulmi ne, cikinsu har da malamai masu zurfin ilmin addini, ya ɗauki Kirista ya ɗora a kan kujerar shugabanci. Mu da muke zaune a unguwar da masana'antu suka tara mata kowace ƙabila da kowane addini, bai kamata wannan ya wuce mu ba tare da mun yi tunani a kansa ba.

Tafiyar ba ta yi nisa a haka ba. A watan Agustan 1950 aka kafa NEPU a Kano, masu zafin ra'ayi suka kama gabansu. A watan Oktoban 1951 aka mayar da Jam'iyyar Mutanen Arewa cikakkiyar jam'iyyar siyasa, wato NPC, dokar aiki kuwa ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya riƙe muƙami a jam'iyya ba. Ya zama tilas kowa ya zaɓa. Da yawa daga cikin tsararrakinsa sun ajiye alli sun shiga majalisa, cikin 'yan shekaru suka zama ministoci. Dokta Dikko ya bar kujerar ya ci gaba da aikin asibiti. A ganinmu wannan ne babban mataki a duk rayuwarsa. Arewa ba ta rasa masu iya jawabi ba a 1951, amma da likitanta na farko ya tuɓe farar riga ya sa babbar riga, da ba ƙaramin giɓi aka bari ba.

Kai magani inda mai ciwo yake

Gab da samun 'yancin kai aka naɗa shi babban jami'i mai kula da sashen yaƙi da cututtukan da suka yi kaka-gida a ƙasa, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa, daga baya kuma ya hau har ya zama babban sakataren ma'aikatar. Wannan sashe ba shi ne mai ƙyalƙyali ba. Likitan da ke son suna da kusanci da manya, ɗakin tiyata yake nema ko asibitin ma'aikata. Cututtukan da suka yi kaka-gida kuwa na manomi ne da makiyayi da masunci da almajiri, mutanen da ba sa rubuta takardar godiya, ba su kuma san sunan wanda ya sa hannu aka aiko musu da magani ba.

Ya karɓi wannan aiki ne a lokacin da abubuwa biyu suka haɗu. Na ɗaya, an sami sababbin magunguna masu araha. Ƙwayoyin salfa, waɗanda tsofaffi ke kira M&B, sun rage kisan da sanƙarau ke yi. A Uzuakoli ta ƙasar Ibo, Dokta John Lowe ya tabbatar a ƙarshen shekarun 1940 cewa ƙwayar dafson, idan an sha ta kaɗan-kaɗan, tana kashe kuturta ba tare da ta cutar da mai sha ba. Na biyu, an riga an koyi darasin ciwon barci, cewa ma'aikaci mai matsakaicin horo, idan an koya masa abu guda ya iya shi sosai kuma ana bin sawunsa, zai kai inda likita ba zai taɓa kaiwa ba. Bayan yaƙin duniya na biyu an kafa ayarin ma'aikatan lafiya masu yawo gari-gari, suna bincike suna lamba, idan annoba ta ɓarke a tura su can.

A fannin kuturta ne aka fi ganin amfanin haɗuwar waɗannan abubuwa. A farkon shekarun 1950 wani likita mai suna Dokta Charles Ross ya shimfiɗa tsarin ba da dafson a Arewa ba tare da an kwantar da kowa ba. Maimakon a raba mutum da gonarsa da iyalinsa a kai shi sansani, sai a sanya rana a mako, ma'aikaci ya zo a kan keke da littafinsa da gwangwanin ƙwayoyi, ya zauna a ɗakin shan magani ko a wata inuwa kusa da kasuwa, masu ciwo su zo su haɗiya a gabansa su koma harkokinsu. Da mutane suka ga tabon da ke jikin maƙwabcinsu ya ɓace kuma yatsunsa suna nan, sai waɗanda ke ɓoye nasu a ƙarƙashin riga suka fara fitowa da kansu. Cikin 'yan shekaru wuraren ba da maganin suka bazu a lardunan Arewa, masu karɓa suka ninka na sansanoni nesa ba kusa ba.

Ba za mu ce Dokta Dikko ne ya ƙirƙiro waɗannan dabaru ba, domin mun ambaci masu su. Nasa rabon shi ne riƙon ragama a lokacin da ya fi kowane haɗari, wato shekarun da Turawa ke tattara kayansu suna tafiya, 'yan ƙasa masu horo kuwa ba su taka kara sun karya ba. Irin wannan aiki ba ya rushewa da ƙara. Ranar da aka rasa kuɗin gyaran keke, ko ƙwaya ta yanke wata biyu, ko mai duba ma'aikata ya daina fita rangadi, shi ke nan an koma gidan jiya ba tare da kowa ya ji ba. Duk wanda ya taɓa riƙe makaranta ya san haka: ba ranar bikin buɗe aji ake gane hedimasta ba, sai a wata na bakwai, a ga ko akwai alli ko babu. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitan da Hausa ce harshen uwarsa, wanda ya san abin da kunya ke hana mace faɗa, ya san yadda ake shiga wurin hakimi da yadda ake fita, yana da makamin da takardar digiri ba ta bayarwa.

Mu kanmu mun ci moriyar wannan tsari. Muna ƙananan 'yan firamare aka zo gangamin kawar da agana, wanda aka fara a 1967 a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Muna iya tuna yadda aka jera mu a rana, ga wata bindigar allura da ake taka ta da ƙafa, kowa ya miƙa dantse, masu kuka na yi masu dariya na yi. Kayan aikin daga waje suka zo, amma hannuwan da suka riƙe su na ma'aikatan lafiyarmu ne da aka daɗe ana horarwa a kan shiga ƙauye. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, ana tsakiyar farfaɗowa daga yaƙin basasa. Yaran yau ba su taɓa ganin fuskar da zanzana ta ci ba sai a wurin tsofaffi.

Abin da ya shafe mu a Dakata

Bompai ce ta fara tara masana'antu a Kano, kafin Sharaɗa da Challawa su biyo baya. Masaƙu da majemu da kamfanonin man gyaɗa da na alewa da na roba su suka jawo dubban leburori, su kuma suka cika Dakata da Kawaji da Gama da Tudun Murtala, mutum shida ko bakwai a ɗaki guda, ga rafin Getsi yana ɗauke da ruwan da masana'antu suka zubar. Da yawa daga cikin kamfanonin nan sun rufe tun daga ƙarshen shekarun 1980, saboda matsalar wutar lantarki da kayan waje masu araha, amma cunkoson da suka haifar bai tafi tare da su ba.

A shekarun da muke riƙe da makaranta, akwai wani yaro mai ƙoƙari da ya fara fashi yana kuma barci a aji. Da muka bi sawu sai muka tarar mahaifinsa, leburan wuni a wani kamfani, ya yi wata huɗu yana tari har da jini, yaron ne ke kwana yana yi masa fifita. Muka tambaye shi abin da ya hana shi zuwa asibiti, alhali tafiyar ba ta kai ta rabin sa'a ba. Amsar da ya ba mu ita ce ranar da bai je aiki ba babu kuɗin wuni, kuma idan aka ji yana da tarin fuka wani za a ɗauka a gurbinsa. Ashe nisan asibiti ba da mil kawai ake auna shi ba. Wannan mutum da kuturun 1950 da ke ɓoye tabonsa, matsalarsu guda ce, kuma maganinta guda ne, wato a je a same shi. Allah ya sa ya warke, bayan an sami wanda ya tsaya masa. Bari mu yi amfani da wannan dama mu tunatar da 'yan'uwa cewa gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe, wata shida ake sha ba fashi, kuma maganin kuturta na zamani, wanda ya haɗa ƙwayoyi fiye da ɗaya, shi ma kyauta ne, yana warkarwa cikin wata shida zuwa shekara guda.

Ba mu manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya ya kashe sama da 11,000, Asibitin Zana ya cika har ana kwantar da yara a ƙasa. Allurar rigakafin da aka fara yi a jihohin Arewa a 2011 ta karya lagon nau'in da ya yi wannan ɓarna. Amma a 2023 sai ga mashaƙo, ciwon da rigakafinsa ya girmi yawancinmu, ya mayar da Kano cibiyarsa, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba a yi musu allurar ba. Magani yana nan, yaro yana nan, wanda zai haɗa su ne ya yi ƙaranci.

A nan muke da ɗan ƙorafi ga 'yan'uwanmu na Abuja da Legas da Fatakwal. Idan aka zo maganar gudummawa, hannunku ya fi saurin buɗewa ga abin da za a liƙa wa allo da suna, kamar ƙofar gari ko zauren taro ko ginin da za a yanke masa kyalle. Ba mu raina ko ɗaya ba. Sai dai alawus ɗin ma'aikaciyar lafiya guda da za ta riƙa shiga gida-gida tana duba katin rigakafin yara, tana tambayar wanda ya yi mako biyu yana tari, bai kai kuɗin fentin zaure ba, kuma ba mu taɓa jin an yi rububin ɗaukar nauyinsa ba. 'Ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya da ke zuwa gida sallah, wuni guda da za su ba unguwa a shekara ba zai rage su da komai ba.

Shekarunsa na ƙarshe

A 1967, da aka rushe jihohi huɗu aka kirkiro 12, Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi, ya kira fararen hula cikin majalisarsa. Dokta Dikko ya zama Kwamishinan Tarayya na Ma'adinai da Wutar Lantarki, kuma a zamaninsa ne aka ƙaddamar da madatsar ruwa ta Kainji a 1969. A 1971 aka mayar da shi Ma'aikatar Sufuri. A wannan sauyin ne kuma aka ba Malam Aminu Kano Ma'aikatar Lafiya. Sai ga malamin makaranta yana riƙe da asibitoci, likita yana riƙe da jiragen ƙasa da na ruwa, abokan nan biyu na taron Kaduna na 1949 sun sake haɗuwa a tebur guda bayan shekaru kusan 20 kowa yana tasa hanyar.

Dokta Barau Dikko ya rasu a 1977 yana da shekaru kusan 65. A watan Oktoban wannan shekara ne aka sami mutum na ƙarshe a duniya da agana ta kama ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a, a garin Marka na ƙasar Somaliya, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa an gama da cutar. Asibitin da ke ɗauke da sunansa a Kaduna asalinsa wurin jinya ne da aka gina domin Turawan mulki, a zamanin da ba a kwantar da baƙar fata a cikinsa. A 2015 aka ɗaga shi ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna, inda ake horar da sababbin likitoci.